Inci nawa ka samu? Kwana goma a ƙauyen surukaina a Jojiya

Ganin jika ne ya kai ni Amurka, ba yawon buɗe ido ba. Ɗana na biyu yana aiki a Atlanta, can ya yi aure, can aka haifa masa ɗa namiji aka yi mini takwara. Sai da yaron ya fara rarrafe kafin biza ta fito. Na yi sati biyu a gidansu ina kulle kamar ragon layya, su fita da asuba su dawo da magariba, sai matar ɗan nawa ta ce iyayenta sun matsa lallai a kai ni ƙauye in sha iska. Na so in noƙe. A wajenmu uban miji ba ya ɗaukar jaka ya je ya tare a gidan iyayen matar ɗansa. Ɗan nawa ya ce, "Baba, a nan in ba ka je ba ne za su ce ka raina su." To, in ka iske mutanen gari da jela, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura.

Ranar Lahadi 22 ga Satumba, 2024 muka kama hanya. Muka bi babban titin da ya yi kudu, muka wuce Macon, a Cordele muka karkata yamma muka haye gadar tafkin Blackshear. Daga nan Amurkar da nake gani a talabijin ta ƙare. Jar ƙasa, dogayen itatuwa a jere kamar sojoji, auduga ta fara buɗewa fari fat, ga wasu dogayen bututun ban-ruwa masu tayoyi da ke zagaye gona su kaɗai. Da na sauke gilashin mota sai wani ƙamshi ya buge ni, wanda rabona da shi tun ina yaro a ƙauyenmu: ƙamshin gyaɗar da aka cire aka bar ta a kan kunya tana shan rana.

Gidan yana tsakanin Americus da Plains, a bakin wata hanyar burji. Babu katanga, babu zaure, babu ƙofar gida da za ka tsaya ka yi sallama. Fili ne na ciyawa, sai gidan katako mai baranda da kujerun lilo guda huɗu. Surukina baƙar fata ne, dogo, shekararsa 74, ya yi shekara 36 yana hawa falwayar lantarki kafin gwiwa ta ce ya isa. Uwargidansa malamar firamare ce da ta yi ritaya. Abin da ta fara nuna mini ba ɗakin kwana ba ne, sabuwar tukunya ce da takardar kanti a jikinta. Ta ce naman alade bai taɓa shiga cikinta ba, kuma da ita za a yi mini girki har in tafi. Na rasa abin cewa. Daren nan na ci kuɓewa da wake da tarwaɗa da burodin masara, na ce a raina ashe kakannin mutanen nan ba su bar komai a baya ba sai ƙasar.

Alƙibla ce ta fara ruɗa ni. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba tun ina ɗan shekara bakwai, sai waya ta nuna arewa maso gabas. Na gyara. Sai kuma wasu mitsi-mitsin ƙudaje da ba sa cizo amma ba sa barin ido da hanci. 'Yan garin ba sa kora su da hannu, leɓe suke turowa su hura iska sama, suna magana suna hurawa. Kwana uku na koya.

Ƙarfe biyar na asuba surukina yake tashi, duk da babu inda za shi. Ya haɗa kofi, ya sa takalmin roba, ya nufi wani turke a tsakiyar fili inda ya ɗaure kwalbar awon ruwan sama. Ya ɗaga ta ya duba, ya zubar, ya dawo ya rubuta a wani littafi. Littattafan suna nan jibge a kan kanta, tun daga 1994. Ƙarfe shida daidai wayar gidan za ta yi ƙara. Maƙwabcinsa ne. Babu ina kwana, babu yaya iyali. "Inci nawa ka samu?" Ko an yi ruwa ko ba a yi ba sai an yi tambayar nan. In ba a yi ba sai a ce ko ɗigo, a ɗan zagi masu hasashen yanayi, a ajiye waya. Da farko abin dariya ya ba ni, gidajen biyu ko rabin kilomita ba su kai tsakani ba, girgijen da ya zubar a nan shi ya zubar a can. Sai uwargida ta ce da ni a hankali, "Matarsa ta rasu shekara uku ke nan. In bai kira ba, za mu san ya faɗi."

Ranar Laraba muna zaune a baranda wayar surukina ta yi ƙara. Ya duba ya mayar aljihu, ya ce fanshon gwamnati ne ya shigo. Na ce yau 25 ga wata? Ya ce ba ruwansu da ƙarshen wata, ranar haihuwarka ake dubawa: wasu Laraba ta biyu, wasu ta uku, shi da aka haifa a ƙarshen wata Laraba ta huɗu. Na tambaye shi ko ya taɓa yin latti. Ya yi tunani sosai, kamar na tambaye shi ko rana ta taɓa fitowa daga yamma. Ni ma ɗan fansho ne, shekara 35 na yi ina aikin gwamnati. Na ba shi labarin tantancewa, yadda ake tara mu a rana da fayil a hammata don mu tabbatar muna da rai, da abokin aikina da ya rasu yana jiran garatutinsa. Bai ce komai ba, ya dai daina kaɗa kujera.

Amma kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. Matsakaicin abin da ɗan fansho ke samu a wata a wannan shekarar bai wuce dala 1,900 da 'yan kai ba. In ka juya shi zuwa naira sai ka ce basarake ne, in ka shiga kanti da shi sai ka ga tsiyarsa. Inshorar lafiyar tsofaffi tana fara aiki a shekara 65, amma ba komai take ɗauka ba, kuma daga cikin fanshon ake yankar wani abu duk wata. Kowane gida na shiga akwai wani ɗan akwatin roba mai ɗakuna bakwai, na maganin kowace rana. A kantin Dollar General wata tsohuwa da ta girme ni ce take karɓar kuɗi, hannunta yana rawa. Asibitin garin Cuthbert, can yamma da su, an rufe shi a 2020, don haka mutanen yankin in ciwon zuciya ya kama su da dare sai a yi ta gudu da su a mota. Kuma babu yaron aike. Dattijo mai shekara 74 shi ke yanke ciyawar gidansa, shi ke kai shara, shi ke hawa tsani ya share indararo. 'Ya'ya duk suna Atlanta ko Jacksonville, sai bikin godiya na Nuwamba da Kirsimeti. Ni da ko ruwan alwala ba na ɗiba da kaina, kunya ta kama ni na karɓi tsintsiya.

Maƙwabcin Bature ne, shekararsa 79, manomi ne da ya ba wa wasu hayar gonarsa. A bakin hanyarsa ya kafa allon Trump, surukina kuma ya kafa na Kamala Harris kusa da akwatin wasiƙa. Duk yamma yakan zo da a-kori-kurarsa da kare a baya, ya zauna a kujera ta uku, a sha shayi mai sanyi da sukarinsa ya fi na mai shayin tasha. A kwana goma ban ji sun ambaci zaɓe a gaban juna ba ko sau ɗaya. Ruwa, zafi, farashin gyaɗa, ƙwallon jami'ar Jojiya, wanda ya mutu, wanda aka yi wa aikin gwiwa. In tallar kamfen ta shigo a talabijin, kuma kusan duk bayan minti goma take shigowa, sai uwargida ta kashe murya. A 2020 ƙuri'a 11,779 ce kacal ta raba Biden da Trump a jihar, shi ya sa kowace jam'iyya ta zuba kuɗinta a nan kamar ba ta san zafinsa ba.

Sai dai baƙo rumbu ne, kowa yana zuba masa. Wata safiya maƙwabcin ya ɗauke ni mu ga gonarsa. A hanya ya ce mahaifinsa har ya mutu bai taɓa zaɓar ɗan Rifablikan ba, shi kansa Jimmy Carter na jam'iyyar Dimokuraɗiyya ya zaɓa shugaban ƙasa a 1976. "Ba ni na bar jam'iyyar ba, ita ta bar ni." Ya yi ta lissafa taki, man dizal, kan iyaka, da mutanen birni da ke musu kallon jahilai. Amma ya ce a kujerar majalisar wakilai Sanford Bishop yake zaɓa, baƙar fata ɗan Dimokuraɗiyya da ke riƙe da mazaɓar tun 1993. Na ce yaya aka yi haka? Ya ce, "Ya san gyaɗa." Daga nan ya tsaya a maƙabartar cocinsu ya nuna mini dutsen kabarin matarsa. Dutsen faffaɗa ne, na mutum biyu. A hagu sunanta da shekarar haihuwa da ta rasuwa. A dama sunansa da shekarar haihuwarsa, sai ɗan layi, sai fili. Ya sunkuya ya cire wata ciyawa a gefen nasa ɓangaren, ya ce ya riga ya biya kuɗin komai don kada ya wahalar da yara. Jikina ya yi sanyi. Mu ma muna ajiye likkafani, amma ban taɓa ganin mutum yana share kabarinsa ba.

Ita kuma uwargida a kicin ta ba ni nata, tana yankan ganye. Ta ce tana 'yar yarinya a 1963 aka kama wasu 'yan mata sa'anninta a zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata a Americus, aka kai su wani tsohon kurkuku a Leesburg aka ajiye su makonni, iyayensu ba su ma san inda suke ba. Mahaifiyarta ba ta jefa ƙuri'a ba sai bayan dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965. Shi ya sa duk zaɓe takan cika motarta da tsofaffin cocinsu ta kai su rumfa. Na ce to maƙwabcinku fa? Ta ɗan yi shiru. "Ranar da aka yi wa maigidan nan aiki, shi ya kwana a asibiti a kan kujera. Na san abin da yake zaɓa. Shi ma ya san na sani."

Tun ranar Talata aka fara maganar guguwa, aka sa mata suna Helene. Zuwa Laraba da yamma babu sauran wata magana. Taswirar talabijin ta nuna za ta fito daga tekun Meziko ta bi ta kanmu ta nufi Atlanta. Mutanen nan ba su ɗauki abin da wasa ba, don sun sha jiki. Surukina ya ɗauko littafinsa na farko ya nuna mini Yulin 1994, lokacin da aka zuba ruwa inci 21 a Americus a cikin awa 24, abin da ya haura rabin ruwan da Kano ke samu a damina guda. Kogin Flint ya cika ya shiga Albany har akwatunan gawa suka taso daga maƙabarta. A Maris ɗin 2007 wata iska mai murɗawa ta rusa asibitin Americus. Amma wadda ba sa son ambato ita ce Michael, ta 10 ga Oktoba, 2018. Ta zo auduga tana jiran tsinka, ta kwashe ta ta watsa a daji. Ta tuge itatuwan pikan, wani ɗan itace mai ɓawo da ake samun kuɗi da shi sosai, wanda in ka dasa sai ka jira kusan shekara goma kafin ka ci moriyarsa. Maƙwabcin ya yi asarar waɗanda kakansa ya dasa. Tallafin da majalisa ta yi alkawari sai a Yunin 2019 aka sa masa hannu. Ya ce a shekarunsa dasa sabo aikin banza ne, amma ya dasa.

Ranar Alhamis aka yi ta shiri. An cika bahon wanka da ruwa, domin famfon rijiyarsu da lantarki yake aiki, in babu wuta babu ruwa. An kwashe kujeru da tukwanen fure. Da la'asar maƙwabcin ya zo ya tuge allon Harris daga bakin hanya ba tare da ya ce uffan ba, ya jefa shi a bayan mota a kan na Trump, ya kai su ɗakin ajiyarsa. Uwargida ta ce ba zai kwana shi kaɗai ba, ya dawo da karensa da maganinsa na ciwon suga.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare rediyo ya ce ta sauka kusa da garin Perry a Fulorida da iska mai gudun kilomita 225 a awa. Mu huɗu muna zaune a lungun tsakiyar gida inda babu taga. Na san hadarin farkon damina da ke yaye kwano, amma wannan daban ne, ba ya zuwa ya wuce. Kuka yake yi, ya lafa, ya dawo. Gidan katakon yana ƙara kamar tsohon kwale-kwale. Can cikin dare wuta ta ɗauke. Uwargida tana addu'arta a fili, ni ina jan carbi, maƙwabcin yana shafa kan kare, surukina kuma ya kasa kunne yana faɗin abin da ya karye: wannan reshe ne, wannan waya ce, wannan taransifoma ce ta hanyar coci. Kafin asuba aka ce ta karkata gabas. Mun tsira, wasu suka ɗauka. Valdosta, Douglas, Vidalia, har Augusta, ta bi ta kansu cikin duhu, sannan ta hau duwatsun Karolina ta Arewa ta zubar da ruwan da ya cinye garuruwa. Sama da mutum 200 suka mutu a jihohin da ta ratsa.

Gari na wayewa surukina ya sa takalmin roba ya nufi turkensa. Maƙwabcin yana tsaye a baranda, taku goma tsakaninsu, amma sai da ya ɗaga murya ya tambaya inci nawa.

Wani ƙaton itace ya faɗo ya tare hanyar burjin. Babu wanda ya kira hukuma. Tsofaffin biyu suka fito da zarto mai inji, ɗaya yana yanka ɗaya yana ja da sarƙa a bayan mota, suna musu a kan wanda bai iya wasa zarto ba. Janareta ɗaya ce, ta maƙwabcin, aka yi ta zagayawa da ita gida uku, awa biyu-biyu, saboda firji da allurar suga. A nan ne ni ma na yi rana. Rashin wuta na kwana biyu ya rikita su, ni kuwa gida na dawo. Na haɗa murhu da duwatsu uku a bayan gida, na dafa shinkafa da wake da mai da yaji, na nuna musu yadda ake wanka tsaf da rabin bokiti. Maƙwabcin ya yi ƙari sau biyu, hawaye yana zuba saboda barkono, ya ce in sake tunani a kan komawa. Ranar Asabar ma'aikatan lantarki suka iso, surukina ya ɗingisa har gindin falwaya yana ba su umarnin da ba su nema ba.

Sai 'yan siyasa suka sauko kamar an yi shela. Trump ya je Valdosta ranar Litinin, Harris ta je Augusta ranar Laraba, washegari Biden ya je wata gonar pikan a kudancin jihar. A baranda dai babu wanda ya tanka. Cocin baƙaƙe da na Turawa, kowanne da nasa, suka tara ruwan roba da tamfol da man janareta, amma tirelar maƙwabcin ce ta kai duka. Allunan kamfen ma sun koma wurarensu. Na Harris ya ɗan karkace yana kallon daji, surukina ya ce da gangan ne, ya je ya miƙar da abinsa.

Ranar Talata 1 ga Oktoba, ranar da Najeriya ta cika 64, Jimmy Carter ya cika shekara 100, muka je Plains, mahaifarsa. Garin bai kai mutum 600 ba. Layin kantuna ɗaya ne, sai tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta zama ofishin kamfen ɗinsa a 1976, sai gunkin gyaɗa mai murmushi a bakin titi. Tsohon yana cikin gidan da suka gina a 1961, yana jinya, ba a ganinsa. Surukina ya fi son nuna mini gonar da Carter ya tashi a Archery, inda lantarki bai isa ba sai 1938. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. Na tuna zuwansa Legas a 1978 zamanin Obasanjo na soja, na kuma tuna kurkunu. Wanda bai ga mutum kwance a bukka lokacin shuka ana naɗe tsutsa a jikin tsinke daga ƙafarsa ba, ba zai gane ba. Ƙanin mahaifina ya rasa damina biyu a haka. A 1986 mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa da shi a shekara, cibiyar Carter ta sa shi gaba, Janar Gowon ya yi ta yawo ƙauyukanmu a kan haka, a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Na gaya wa maƙwabcin wannan a gaban tashar. Ya ce shi a ganinsa mutumin bai iya mulki ba, amma ya cire hularsa yana faɗa.

A hanyar dawowa muka tsaya kallon cirar gyaɗa a inda ƙasa ta fara tsanewa. Inji ɗaya yana tafiya yana tuge kunya shida a lokaci guda, ya karkaɗe ƙasar, ya kifar da ita 'ya'yan suna sama. Bayan 'yan kwanaki wani injin zai zo ya tsinke. Mutum ɗaya ne a cikin gonar da a ƙauyenmu sai an yi gayya. Kusan rabin gyaɗar Amurka daga jihar nan take fitowa. Na ba su labarin dalar gyaɗa ta Kano da Alhassan Ɗantata, da yadda fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka haɗu suka share ta. Muka sayi dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya, a jiƙe sharkaf da gishiri, a kofin takarda. Tamu ta fi daɗi, na kuma gaya musu.

Da ɗana ya zo ɗaukata, surukina ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin jarida. Kwalbar awon ruwa ce, sabuwa, da ƙusoshinta biyu. Na kafa ta a kan katangar gidana a Kano, yara suna ta tambaya ko maganin tsari ne.

Trump ya ci Jojiya a Nuwamba. Carter ya rasu ranar 29 ga Disamba, aka binne shi kusa da matarsa a harabar gidan nan na Plains. Duk wannan a rediyo na ji, surukina bai kira ni a kansu ba. Sai ranar 22 ga Janairu, kwana biyu bayan rantsar da sabon shugaba, hoto ya shigo mini a WhatsApp. Filin gidan ne fari fat, ƙanƙara ta rufe ciyawa da kujerun lilo, abin da ya ce bai gani ba tun yana saurayi. Maƙwabcin yana tsaye cikin bargo ya soka rula a ƙasa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta inci shida, ya tambaya mu nawa muka samu. Na fita na ciro kwalbata, na ɗauki hoton ƙurar hunturun da ta kwanta a gindinta na aika masa.